Kaka a McLeansville: Ina Za Mu Kai Yaran?

McLeansville ƙaramin gari ne a gabas da birnin Greensboro, cikin gundumar Guilford ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka. A ƙidayar 2010 mutanensa dubu ɗaya ne da 'yan kai, kuma ba shi da magajin gari ko majalisa tasa ta kansa. Duk da haka adireshinsa ya game gonaki da kurmi da sababbin unguwanni da ke ta tsirowa tsakanin tsohuwar hanya mai lamba 70 da babban titin da ya nufi Burlington da Durham. Mai wucewa ta babban titin zai hango ginin kamfanin Replacements, wanda Bob Page ya kafa a 1981, inda aka tara miliyoyin farantan tangaran da kofuna da cokula. Kamfanin Publix ma ya gina katafaren sito a yankin. Daga nan zuwa tsakiyar Greensboro tafiyar kamar minti ashirin ce a mota.

Abin da ya haɗa mu da wannan wuri shi ne mutanenmu. Greensboro na cikin biranen Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, Zabarmawa da Hausawa, ga kuma 'yan Najeriya da Gana da Sudan. Waɗanda suka iso da ƙuruciyarsu sun yi aure, sun hayayyafa, kuma wanda ya ɗan tara abin hannu yakan nemi gida mai fili a bayan gari inda yara za su sake. To, daga farkon Oktoba zuwa farkon Janairu, waɗannan yara suna shiga watanni uku da komai na garin yake magana da su kai tsaye: kantuna, makaranta, talabijin, har ƙofar gidan maƙwabci. Ana farawa da kabewa, a bi da talotalo, a rufe da fitilu. Yaro ɗan shekara biyar ba ya tambayar asalin biki. Tambayarsa ɗaya ce: mu me za mu yi?

Hutun da ba ya zuwa a dunƙule

A Ingila yara kan samu mako guda cur a ƙarshen Oktoba. A makarantun gwamnatin Guilford masu bin jadawalin da aka saba, abin ba haka yake ba. Hutun kaka yana zuwa ne gutsure-gutsure: ranar da malamai ke aikin ofis ba tare da ɗalibai ba, ranar tunawa da tsofaffin sojoji a 11 ga Nuwamba, sai kwanakin Bikin Godiya daga Laraba zuwa ƙarshen mako, sannan babban hutun sanyi na kusan mako biyu da ya haɗa Kirsimeti da sabuwar shekara.

Matsalar ita ce lokacin da makaranta ke sakin yara shi ne lokacin da aiki ke riƙe iyaye. Mai aiki a sito, da direban kai kaya, da mai kitso, da mai kula da tsofaffi, duk a waɗannan makonni ne ake neman su da ƙarin awoyi, kuma a nan ne ake samun abin da za a aika gida Maraɗi ko Katsina. Ba wanda zai ga laifin uban da ya karɓi aikin dare don ya biya kuɗin gida. Amma a nan babu kaka a ɗakin soro, babu gwaggo a maƙota, babu dandalin da yaran unguwa za su fita su dawo da magariba. Dokar jihar ma ta sa ido: laifi ne a kulle yaro ɗan ƙasa da shekara 8 a gida a tafi ba tare da mai hankali a wurinsa ba, ta yadda gobara za ta iya rutsawa da shi. Sai ka tarar an bar babbar ya da ƙanne uku da waya a hannun kowa, daga safe har dare. Wannan shi ne ainihin abin da ke cinye hutun yaranmu, kuma ya fi kowane biki da muke jin tsoro yi musu illa.

Saboda haka aikin farko ba na fita ba ne, na zama ne. A sauko da jadawalin makaranta tun farkon zango, miji da mata su zauna su ware ranakun da ɗaya zai kasance a gida, a kuma nemi gida biyu ko uku na 'yan uwa a yi karɓa-karɓa. Matan da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da an samu saɓani ba, riƙe zagayen renon yara ba zai gagare su ba.

Oktoba: gona da kabewa

Ganyen itatuwan wannan yanki yakan rine ja da ruwan ɗorawa daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma a lokacin ne gonaki ke buɗe ƙofa ga iyalai. Akwai gonar McLaurin a arewacin Greensboro, akwai J. Razz and Tazz a Gibsonville da ke maƙwabtaka da McLeansville, akwai Kersey Valley can wajen Archdale. Tsarin kusan ɗaya ne. Ana yanka hanyoyi masu rikitarwa a cikin gonar masara mai tsayin da ya fi mutum, a bar yara su nemi mafita. Tarakta na jan amalanke cike da damin ciyawa, yara na bisa suna ihu. Ga awaki da tumaki a garke, ga kabewa zube a fili kowa ya zaɓi tasa.

Ana biyan kuɗin shiga, kuma ga mai yara huɗu abin yakan ɗan taɓa aljihu. Amma ko sau ɗaya a shekara ya cancanci a je, saboda wani dalili da ya shafe mu musamman. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Uban da ke tuƙa babbar mota yau ya san ranar da ake karya gero, ya san ƙaiƙayi, ya san nauyin dami a ka. Ɗansa kuwa ya ɗauka masara daga gwangwani take fitowa. Tsakiyar gonar masara a Gibsonville ita ce wuri mafi dacewa da uba zai ɓare goyo ya nuna wa yaro gemun masara, ya ce masa wannan kara ne, da shi muke danni, wancan kunya ce, haka kakanka yake huɗa. Yaron da ya ji kalma yana riƙe da abin a hannunsa ba ya mantawa da ita.

Kabewar kuma kada ta ƙare a bakin ƙofa tana ruɓa. Manyan da ake sassaƙa wa fuska ruwa ne ya yi musu yawa, ba su da garɗi sosai. Ƙananan masu nauyi, waɗanda mutanen nan ke gasawa da sukari, su suka fi kyau da tukunya. A sa yara su kwashe 'ya'yan cikin da hannu, a wanke a gasa musu, sauran a yi miyar taushe da gyaɗa da alayyafo, a ci da waina. Gyaɗar ma a jihar ake nomanta.

Wanda ba shi da kuɗin gona bai rasa wurin zuwa ba. A kan titin Keeley, cikin McLeansville ɗin kanta, akwai filin shaƙatawa na Keeley Park mallakar birnin Greensboro, shiga kyauta. Yana da wurin wasa da aka tsara don yaro mai keken guragu ya yi wasa tare da sa'o'insa, da tafkuna, da hanyoyin tafiya, da lambun da mazauna unguwa ke karɓar fangali su shuka abin miya. Akwai Northeast Park wajen Gibsonville, akwai Gateway Gardens a gabashin Greensboro mai sashe na yara. Ko a tsakar gida ma, manjagara ɗaya da tulin busasshen ganye sun isa su riƙe yara uku har la'asar. Mai son dutse ya ɗauki hanyar Pilot Mountain ko Hanging Rock, tafiyar kamar awa guda, su ma ba a biyan kuɗin shiga. A tuna dai da dokar jihar: yaro ɗan ƙasa da shekara 8 wanda bai kai nauyin fam 80 ba, wato kilo 36, sai a kujerar yara ake ɗaukarsa a mota.

Daren 31 ga Oktoba

Nan ne gidaje da yawa ke shiga tsaka mai wuya. Daren Halowin yara kan yi shigar dodanni ko ta jaruman fim, su bi gida-gida suna karɓar alewa. A yankuna irin McLeansville, inda gidaje ke da tazara kuma hanyoyi da dama ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, coci-coci da makarantu kan jera motoci a fili a buɗe but, yara su bi layi suna karɓa. Malamai da yawa sun hana shiga wannan biki saboda asalinsa da siffofin matattu da mayu da ke cikinsa, kuma akwai Kiristocin da su ma ba sa yi. Wasu iyaye kuma suna ganin wasan yara ne kawai. Kowane gida da hukuncinsa, kuma al'adar garin ta ba da mafita cikin mutunci: wanda ya kashe fitilar ƙofarsa, ba mai ƙwanƙwasa masa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kashe fitila a kuma yi shiru. Yaro yana leƙe ta taga yana ganin abokan ajinsa da bokitai cike da alewa, an ce masa haramun ne an juya baya. Abin da zai koya a daren nan shi ne cewa gidansu gidan hani ne, farin ciki kuwa na maƙwabta ne. Alhali mu ne masu tashe. Daga goma ga watan azumi yaran ƙasar Hausa ke manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida-gida da kiɗan gwangwani ana ba su hatsi da 'yan kuɗi, kuma a Kano har sarauta gare shi, ta Nalako sarkin gwagware. Tashe ya ma ɗara, domin yaro ba ya karɓar kyauta sai ya yi wasa, kuma wasan na ɗauke da zambo ga malalaci da marowaci da mai cin azumi. Uwar da ta yi tashe a Zinder ko Zariya tana da labarin da zai sa yaranta su manta da taga. A faɗa musu dalilin da ya sa ba ma fita yau, a gayyato yaran gida biyu, a yi musu alewar madara da gullisuwa, a kuma yi musu alkawarin tashe idan azumi ya zo, a cika alkawarin. Waɗanda suka zaɓi barin yara su fita kuwa, su raka su da tocila, su kuma duba takardar alewa, don yawancin masu danƙo da masu laushi irin na soso ana yin su da sinadarin jalatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi.

A tsakanin nan, a Greensboro, akwai bikin dawowar tsofaffin ɗalibai na jami'ar A&T, wadda aka kafa a 1891 kuma ta fi kowace jami'ar baƙar fata ta tarihi yawan ɗalibai a Amurka. Faretinsa da safe ake yi, da ganguna da kakaki na zamani, kuma kallo kyauta ne. Yaro baƙi yana bukatar ya ga dubban mutane masu kama da shi cikin ado da alfahari.

Nuwamba: rana ta gajarta

Lahadin farko na Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa guda. Daga nan duhu ke fara sauka da wuri, har ya kai a farkon Disamba ana kiran magariba da biyar da 'yan mintuna. Duk wata fita sai a yi ta da hantsi, da rigar sanyi da hula da safa.

Bikin Godiya yana faɗowa ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana shi ranar ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ranar a doka a 1941. A makaranta za a ba yara labarin cin abincin da Turawa 'yan ci-rani suka yi da mutanen Wampanoag a 1621. Yaron da ya ɗan tasa ya kamata a ƙara masa da abin da ya biyo baya, na ƙwace ƙasa da annoba da yaƙi da suka cinye 'yan asalin nahiyar. Amma ranar kanta, yadda ake yinta yau, ta zama ce da dangi a kan abinci, kuma ita ce rana ɗaya da kusan kowa ke samun hutu. Wannan ya sa ta fi kowace rana sauƙin karɓa a gidajenmu. Karolina ta Arewa na cikin manyan jihohin da ke kiwon talotalo, kuma tun 1971 babu jihar da ta kai ta noman dankali. Mai son yankan halal sai ya yi wa mahauci magana da wuri. A shafe talotalo da yaji da citta da tafarnuwa, a ajiye shi kusa da dambu ko shinkafa, a ba yara aikin ɓare dankali da jera faranti. Kowane yaro a tambaye shi abin da yake gode wa Allah a kai, ya amsa da Hausa ko da jimla ɗaya ce.

Washegari kantuna ke karya farashi, gari ya rikice. Kada a ja ƙananan yara cikin wannan turmutsitsi. Ranar ta fi kyau da tafiya a filin yaƙin Guilford Courthouse, inda sojojin Nathanael Greene, wanda aka sa wa Greensboro sunansa, suka gwabza da na Birtaniya ƙarƙashin Cornwallis ranar 15 ga Maris 1781. Shiga kyauta ne, kuma hanyoyinsa na ɗaukar keken jarirai.

Akwai wuri ɗaya da na fi so iyayen gabashin Guilford su sani, don yana bakin ƙofarsu kuma kaɗan ne ke zuwa. A Sedalia, 'yan mintuna daga McLeansville, wata budurwa 'yar shekara 19 mai suna Charlotte Hawkins ta buɗe makaranta ga 'ya'yan baƙar fata a 1902. Ita ce Palmer Memorial Institute, wadda ta rayu har 1971, kuma yanzu harabarta gidan tarihi ne na jiha mai ɗauke da sunan Charlotte Hawkins Brown. Fili ne mai faɗi da tsofaffin gine-gine, yara na iya gudu son ransu, uwa kuma ta tsaya da 'yarta ta ce mata mace ce ta gina wannan, ba ta kai ashirin ba. Gidan tarihin da ke tsohon kantin Woolworth a titin Elm na Greensboro, inda ɗalibai huɗu na A&T suka zauna a teburin da aka hana baƙaƙe ranar 1 ga Fabrairu 1960, ya fi dacewa da yaran da suka yi wayo, don wasu hotunansa na da nauyi ga ƙanana.

Disamba: fitilu da dogon dare

Juma'ar farko ta Disamba ake rufe titin Elm don bikin fitilu, washegari a yi fareti da manyan balan-balan. Cibiyar kimiyya ta Greensboro, mai gidan namun daji da na kifaye, tana ƙawata harabarta da fitilu tun 2020, da tikiti. A unguwar Sunset Hills kuwa, tun 1996 wani gida ya fara rataye ƙwallayen wayar kaji da aka naɗe da fitilu a kan dogayen itatuwa, maƙwabta suka ɗauka, har abin ya game unguwar. Ana zagayawa a mota kyauta, kuma akwai wuraren ajiye abincin gwangwani don mabukata. Wanda ya je, ya miƙa wa yaro gwangwanin ya sa da hannunsa, ya ce masa sadaka ce.

Ga Hausawa Kiristoci wannan lokacin ibada ne da zumunci, da ɗinkin sababbin kaya da shinkafa da kaji kamar yadda aka saba a gida. Ga Musulmi kuwa tambayar yara ita ce me ya sa babu itace mai ado a falonmu, ga shi kuwa duwatsun yammacin jihar na noman waɗannan itatuwa har jihar Oregon ce kaɗai ta fi ta. Amsar ba ta da wuya idan an bayar da ita da sakin fuska: wannan sallarsu ce, muna yi musu barka, Annabi Isa kuma annabinmu ne da muke girmamawa, tamu sallar na tafe. Sai dai maganar ba za ta yi nauyi ba sai in yaron ya tuna cewa a sallar da ta wuce an yi masa ɗinki, an ɗauke shi daga makaranta ya je Idi, an ba shi goron sallah.

Ranakun sanyi da ruwa na laburare ne. Katin laburaren Greensboro kyauta ne ga mazauna gundumar, reshen McGirt-Horton da ke titin Phillips na kusa da masu zama a gabas, babban kuma yana titin Church daura da gidan wasan yara na Miriam P. Brenner. Gidan tarihin birnin da ke titin Summit shi ma ba a biya.

Sai dare, wanda yake da tsawo a wannan wata, kuma shi ne dukiyar da muke zubarwa. Babu littafi a laburaren nan da zai ba yaro Gizo da Ƙoƙi da muryar kakarsa. A lokacin sanyi Najeriya da Nijar na gaba da Greensboro da awa shida, don haka ƙarfe biyun rana a McLeansville takwas ɗin dare ce a Maraɗi. Ranar Asabar bayan azahar a kira ta WhatsApp, a ajiye waya a tsakiyar tabarma. Tsohuwa ba za ta ce ba a tatsuniya da rana ba, tunda a wurinta dare ya yi. Yaron da ba ya iya mayar da gaisuwa da Hausa, a cikin mako biyu na hutu zai fara amsa waƙar cikin labari, daga nan kuma bakinsa ke buɗewa. Uba ya koya musu kacici-kacici da dara, ko da da duwatsu ne a kan kwali, uwa ta koya wa 'yan mata tafa-tafa da carafke.

Kalandar ma tana juyowa wajenmu. A 2026 an fara azumi a tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A ƙarshen Disambar 2030 watan Ramadan zai kama a cikin hutun sanyi, a 2033 kuma ƙaramar sallah za ta zo 'yan kwanaki kaɗan tsakaninta da Kirsimeti. Yaran da ake goyo yau su ne za su yi tashe a waɗannan hutu, idan akwai wanda ya koya musu.

Don haka kira nake ga ƙungiyoyinmu na 'yan Nijar da Najeriya a Greensboro, da kwamitocin masallatai da na coci: ku ware Asabar ɗaya a Oktoba ta zuwa gona tare, ku nemi rangwamen da gonaki kan yi wa ayari, ku kuma kama zaure ɗaya a hutun Disamba don tatsuniya da wasannin gida. Iyaye kuma, kafin ku sa hannu a takardar ƙarin awoyi ta bana, ku buɗe jadawalin makaranta ku cire wa yaranku ranakunsu tukuna.